Bangon da Awaki Ke Lasa

Ranar da awaki suka fara lasar bangon, duk wanda ke wurin dariya ya yi, sai mutum ɗaya, Tanimu mai amalanke. Shi kaɗai ya san abin da awakin suka ji a jikin ƙasar nan, kuma tun daga ranar ya san ginin ɗiyarsa ba zai ƙare lafiya ba.

Ɗiyar sunanta Mariama, amma sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bakinsa bai taɓa kama sunan ba. Uwale yake ce mata, duk unguwa kuma ta bi shi. Shekararta ta biyar ke nan tana karatun zanen gine-gine a Yamai. In ta zo hutu takan shimfiɗa manyan takardu bisa tabarma ta nuna masa, shi kuwa da ya bar lakwal tun aji huɗu layuka kawai yake gani, amma sai ya gyaɗa kai kamar ya gane. Bara ma ba ta zo hutun ba. A wani shantiye, wurin da ake babban gini, ta yi shi, tana kwaɓa siminti tare da maza, ta dawo tafin hannunta ya yi kanta kamar nasa.

Bana malamanta suka yarda ta gina abu na gaske, a kansa za a ba ta difulom. Ta ce a Dakoro za ta yi. Matan daji, na wajen Azagor da gaba, in cikinsu ya tsufa sukan zo gari su jira haihuwa kusa da likita, su yi ta kwana gindin itace. Ƙungiyar matan unguwa ta samo fili, Uwale ta zana musu babban ɗaki na tubalin ƙasa zalla, rufinsa ƙubba, ba azara ba kwano. Ƙasa ce ke ɗauke da ƙasa tun daga tushe har bisa.

Sai da ta yi mako guda tana yawon bayan gari da kwalabe, tana zuba ƙasa da ruwa tana girgizawa, tana murza laka a tafin hannu. Daga ƙarshe ta kafa sanda a wani busasshen tabki kan hanyar Korahane.

"Baba, daga nan kaɗai za a ɗebo. Ko wa ya ce maka tasa ta fi, kar ka saurare shi."

"To, injiniya, an ji."

Ita ta nace shi zai yi jigilar. Ta ce ba ta yarda da kowa ba sai shi.

Cikin mako na uku san da ke jan amalankensa ya soma ɗingishi. Tabkin da nisa, hanya duk rairayi. Masu buga tubali suna zaune suna jiransa, Uwale kuma tana ta lissafin kwanakin da suka rage damina ta faɗi. Ya buɗe baki sau biyu zai ce mata ya kasa, kunya ta hana shi. A bayan kara, kasuwar dabbobi, akwai wani fili da ake kira tsohon zango, inda ayarin raƙuma ke sauke kantun gishiri da kanwa tun zamanin kakanni. Kusa yake, ƙasarsa kuma kalarta ɗaya da ta tabkin. Kwana huɗu Tanimu yana ɗebowa daga can yana juyewa bisa tulin, har ƙafar san ta yi sauƙi ya koma tabki.

Ba rashin sani ba ne. Yana ɗan shekara goma sha biyu mahaifinsu ya gina ɗaki da ƙasar zangon nan. Damina biyu ta wuce, gindin bangon ya yi fari, ya riƙa zuba kamar gari, awakin gida suka maida shi wurin lasa. Wata rana bayan ruwa, yayansa Jimrau na kwance ciki da zazzaɓi, bangon gabas ya zauna da rufin duka. Suna tono da hannuwa suna jin karta daga ƙarƙashi, kamar ana jan farce a jikin ƙwarya. Kafin su iso gare shi kartar ta tsaya.

Da zai ɗebi ƙasar a wannan karon, ya ce wa zuciyarsa shekara arba'in na ruwan sama sun wanke gishirin. Bai ɗanɗana ba. Ya san in ya ɗanɗana ba zai ɗiba ba.

Gini ya tashi. Agali, shugaban magina, wani dogon dattijo ɗan Azagor, da farko raina aikin ya yi, ya ce bai taɓa karɓar umarni daga wadda ya girmi ubanta ba. Amma da ya ga yadda take ɗaure igiya a tsakiyar ɗaki, kowane tubalin ƙubba tana auna shi da tsawon igiyar, layi bisa layi yana lanƙwasowa ciki ba tare da komai ya tokare shi ba, sai ya koma yana kiranta shugaba. Ranar da aka rufe tsakiyar ƙubbar har guɗa aka yi.

Kwana uku bayan nan aka yi yayyafin farko, washegari awakin suka zo. Biyar ne da farko. Suka jeru a bangon arewa, kowace ta kafa baki.

"Mai sa, zo ka gani!" Agali ya ƙwala masa kira. "Ginin ɗiyarka ya yi daɗi har awaki na ci. Ko suga ta sa a lakar?"

Magina suka kwashe da dariya. Uwale ta kore su da 'yar tsakuwa, ta ce ɗanshi suke bi, zafi ya yi yawa. Ta juya ga ubanta.

"Baba, lafiya? Ka yi wani iri."

"Rana ce, Uwale."

Kullum sai sun dawo, kullum suna ƙaruwa. Tanimu ya daina cin abincin kirki. In ya kwanta hutun azahar a zaure, da ya rufe ido sai ya ga bangon gabas na ɗakin mahaifinsu. Matarsa Ramla ta tambaye shi har ta gaji. Ya riƙa zagayawa wurin ginin ba aikin komai, yana korar awaki, yana share farin da ke fitowa a jikin tubali da gefen rigarsa kafin wani ya lura.

Ranar Laraba Uwale ta ce gobe za a yi yaɓe, ciki da waje. Ran Asabar malaminta zai iso daga Yamai ya duba, ran Lahadi mata su shiga. Tanimu ya ji wani sanyi-sanyi: in an yaɓe, farin zai ɓuya. Sai kuma ya ji kunyar sanyin da ya ji.

Da azahar magina suka tafi salla da cin abinci. Ya shiga ɗakin shi kaɗai. Ciki da sanyi kamar randa, haske na shigowa ta ƙananan tagogi. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga kai. Bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma ɗiyarsa ce ta yi shi. Can sai ya ji ƙarar. Awakin sun dawo ta waje, harsunansu na gogar bango, ƙubbar kuma ta tattaro sautin ta sauke shi daidai bisa kansa. Ba ta yi kama da lasa ba. Karta ce, a hankali, daga cikin ƙasa, ta tsaya ta sake somawa.

"Jimrau," ya ce, bai san ya faɗa ba.

Ya fito waje. A ƙofar fili ya tarar da amalanken jaki ya tsaya. Wata yarinyar mace ce a kai, cikinta ya tsufa ƙwarai, tare da wata tsohuwa mai riƙe da tabarma da tukunya. Uwale ta riga ta iso tana musu sannu. Tsohuwar ta ce sun ji an yi wa masu ciki ɗaki, kwana biyu suka yi bisa hanya.

"Ba a gama ba, Inna," Uwale ta ce, "amma rufi ya rufu. Hadari na haɗuwa, ba zan bar ku gindin itace ba. Ku shiga, gobe ma yi yaɓen waje tukuna."

Tsohuwar ta ɗauki tabarma ta nufi ƙofa. Tanimu ya tsinci kansa tsaye a bakin ƙofar, hannuwa biyu dafe da gefenta.

"Ba za su shiga ba."

"Baba?"

"Zo nan, Uwale."

Ya ja ta bangon arewa, ya kore awakin, ya nuna mata wani tubali da suka lashe har ya yi rami.

"Sa harshenki."

Ta dube shi, ta dubi bangon. Ta jiƙa yatsa ta goga ta kai baki. Fuskarta ta sauya. Ta sake gogawa a na kusa da shi, ta tofar.

"Na gwada ƙasar tabkin nan sau shida. Babu gishiri cikinta."

"Babu. Wannan ta tsohon zango ce. Lokacin da san nan ya yi ɗingishi. Ni na ɗebo."

Ta goge yatsanta a jikin zanenta.

"Amalanke nawa?"

"Kwana huɗu. Sau uku, wata rana huɗu."

"Ina ka zuba?"

"Bisa tulin. Tare da sauran."

"Baba, kai ka ba ni labarin Baba Jimrau. Ina aji uku ka ba ni. Saboda shi na ce gini zan karanta."

"Na sani."

"Da ka ce mani san ya gaza, da na jira. Wallahi da na jira."

Tanimu ya jingina da bangon. Agali ya iso yana sakace, ya ji ƙarshen maganar, ya jefar da tsinken. Ya ɗanɗana tubalin shi ma, ya daɗe yana kallon ƙubbar.

"Shugaba," ya ce a hankali, "in muka yaɓe shi da kauri, malaminki ba zai ga komai ba. Gini irin wannan yana iya shekara goma. Na faɗa ne don ki san akwai wannan hanyar, ban ce ki bi ta ba."

"Yana iya shekara biyu kuma," ta ce. "Wa zai kwana ciki ranar? Kawo tsani, Baba Agali. Da alli."

Tanimu ya ɗora baƙin bisa amalankensa ya kai su gida, Ramla ta share musu ɗakin Uwale. Da ya koma, ya tarar da ɗiyarsa da dattijon suna bin bango layi-layi, su jiƙa yatsa, su goga, su ɗanɗana, mai gishiri su ja masa alli. Ya karɓi guntun alli ya shiga cikinsu, ba wanda ya hana shi. Na ƙasa da sauƙi, awaki sun riga sun nuna su. Amma ƙasar ta cakuɗu tun a tuli: wani tubalin gishirinsa kamar miya, wani da ƙyar ake ji, wani sai a yi gardama a kansa. Kafin la'asar harsunansu sun mutu, kome suka taɓa gishiri suke ji, har ruwan da suke kurkure baki da shi. Bangon kuma tubali biyu ne kaurinsa, inda suka haɗu a tsaka ba yatsan da ke kaiwa.

Uwale ta sauko daga tsani, leɓɓanta sun tsattsage. Ta ciro waya ta kira malaminta, ta matsa gefe. Tanimu bai ji Faransancin ba, amma ya saurara ko zai ji ta ambaci baba. Bai ji ba. Da ta gama ta zo ta tsaya gabansa.

"Me kika ce masa?"

"Na ce ƙasa mai gishiri ta shiga ginina ban gane ba. Gaskiya ce. Aikina ne in ɗanɗana kowane amalanke."

"Ki gaya masa ni ne."

"Ba zai fitar da gishirin ba, Baba."

Ba a yi yaɓe ba. Aka kewaye ginin da ƙaya saboda awaki, aka sa wa ƙofar kwaɗo, Uwale ta ce ba mai kwana ciki sai damina ta wuce an ga yadda zai yi. Malamin ya ɗage zuwansa, ya ce sai sun zauna a kan maganar. Ran Juma'a matar nan ta haihu a gidan likita, namiji. Kowace safiya bayan ruwa Tanimu na zuwa ya zagaya bayan ƙayar yana duban gindin bango, wani lokaci ya tarar Uwale ta riga shi, su gaisa, kowa ya ci gaba da dubawa.

Sun ja wa tubali ɗari uku da 'yan kai alli. Har yau ba wanda ya san nawa suka rage a tsakiyar bango da cikin ƙubbar, ko ginin zai kai kaka a tsaye, ko kuma za a ba Uwale difulom ɗinta bana.