Sawun Mai Ladabi

Kalilu na durƙushe bayan a-kori-kurarsa yana ɗaure ƙugiyar tirela da sarƙa, sai ya ga takalmin sojan gwanjo ya tsaya dab da hannunsa. Bai buƙaci ɗaga kai ba. Duk Sabon Birni mutum ɗaya ke sa irin wannan takalmi cikin zafin rana: Maliki, shugaban 'yan sa-kai na yankin.

"Sannu da aiki, Kalilu. Ina Mai Ladabi za ta yau?"

Mai Ladabi sunan motar ne. A Maraɗi Kalilu ya saye ta hannun wani ɗan mai kuɗi, wanda ya sa aka rage mata sifirin don ta kwanta ƙasa ta yi kyau a kan kwalta. Ko babu komai a bayanta, a durƙushe take kamar surukar da ta zo gaisuwa. Idan kuma aka ɗaura mata tirela mai nauyi, sai gindinta ya ƙara sauka, ƙarfen ƙugiyar ya riƙa jan layi a ƙasa tsakanin sawun tayoyi.

"Unguwar Lalle, yallaɓai. Injin niƙa ne na ƙungiyar mata, da simintin da za a yi mai gindi."

"Madalla. Ai ko can za ni. Ka rage mani hanya, yau dai in ɗana motag ga da aka ta labari. Ban taɓa shigarta ba."

Kalilu ya dubi babur ɗin Maliki da ke jingine gindin dogon yaro, lafiyarsa lau. Ya dubi bindigar da ke rataye a kafaɗarsa. Ya zagaya ya buɗe masa ƙofa da kansa, domin ƙofar gefen fasinja tana da nata hali, baƙo ba ya iya mata.

Suka fita gari a hankali. Tirelar 'yar ƙafa biyu ce, injin a tsakiya, buhunan siminti jibge a gabanta, sai kukan ƙarfe take. Suna sauka daga kwalta zuwa hanyar ƙasa, sai sautin ya fara: ƙirrr, ƙirrr. Maliki ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon baya. Da ya dawo da kansa ciki, fuskarsa ta canza.

"Kullum haka take zane in tana jan kaya?"

"In kayan sun yi nauyi."

"Akwai wata mota ƙasag ga mai irin wanga zane?"

"Ban sani ba, yallaɓai. Mi ya faru?"

Maliki ya gyara bindigar tsakanin ƙafafunsa. "Yarana sun ga layi. Bayan Gatawa, inda hanya ta saki gonaki ta shige daji. Sawun taya biyu, layi a tsaka, har bakin inda mutanen daji ka amsar kaya. Fetur anka kai masu, da shinkafa. Sun tsinci murfin jarka."

Kalilu ya kafa ido a kan hanya. Kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka kama yana kai wa 'yan bindiga kaya. Ba a kai shi gaban alƙali. Maliki ne ma da bakinsa ya faɗa a kasuwa, cewa duk wanda ya kai wa daji ko da ashana ne, ya zama ɗan daji.

"Wallahi rabona da hanyar Gatawa tun damina."

"Ban ce kai ne ba. Yaran suna shingen Unguwar Lalle suna jira. Sun auno faɗin layin da kara. Sun ce a bar ka ka taho da kayanka, su gani da idonsu."

Wato aikin nan ma tarko ne? Kalilu ya tuna yadda aka matsa sai shi, sai yau. Sai kuma wani tunanin ya taso wanda ya fi wannan ɗaci. Ranar Juma'ar da ta wuce ƙanensa Fatihu ya karɓi makulli, ya ce zai jawo motar abokinsa da ta mace a hanyar Isa. Ya dawo da motar duk karcen ƙaya a jikinta, bodin yana warin fetur duk da an wanke shi. Ranar Fatihu bai ci tuwo ba. Da Kalilu ya tambaye shi, cewa ya yi ciki ke damunsa.

Fatihu. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa.

"Ko ka ba wani aro?" Maliki ya tambaya, idonsa a kan hanya.

"Ba ni ba da aron mota," in ji Kalilu.

Ya ji Maliki ya saki numfashi a hankali. Bai gane ko na takaici ne ko na me ba.

Can gaba hanya ta gangara cikin wani kwari da ruwan damina ya zaizaye. Kowace mota wucewa take abinta, amma ban da Mai Ladabi. Kalilu ya karkata sitiyari don ya shiga a kaikaice, hankalinsa na wajen Fatihu, ya makara. Ƙugiyar ta cake cikin yashi. Tayoyin baya suka hau juyawa a banza, motar ta tsaya cak.

"Kash! Kada ka ƙara ba ta wuta, za ta nutse," in ji Maliki.

Kafin Kalilu ya kashe motar, Maliki ya zura hannu ta taga, ya ɗaga hannun ƙofar ta waje, ya doke ta da gwiwa daidai ƙasan aljihun ƙofar. Ƙofar ta buɗe. Ya sauka, ya tura kujerar gaba, ya zaro gajerun katakai biyu daga bayanta, ya nufi tayoyin baya.

Kalilu ya bi shi da kallo. Wata guda ya yi kafin ya gano dabarar ƙofar nan. Katakan kuwa, ko matarsa ba ta san inda yake ɓoye su ba. Shi ne, sai Fatihu, sai wanda ya taɓa maƙalewa a cikin motar.

Ya fito a hankali, ya zagaya. Maliki na tsugune yana cusa katako ƙarƙashin taya.

"Yallaɓai, ya jikin Maijidda?"

Hannun Maliki ya tsaya. Maijidda 'yarsa ce, wadda 'yan bindiga suka ɗauke daga gona da goyonta tun farkon kaka. Ranar Asabar aka wayi gari ta dawo da ƙafarta. Aka ce gudowa ta yi, gari ya yi ta barka.

"Tana samun sauƙi."

"Allah shi ƙara. Juma'a anka ja layi, Asabar ta gudo. Kuma ka ce ba ka taɓa shiga motag ga ba."

Maliki ya dubi katakon da ke hannunsa, ya dubi ƙofar da ya bari a buɗe. Bindigar tana can kan kujera. Su duka biyun suka kalle ta, ba wanda ya taka.

"Kana da ɗiya, Kalilu?"

"Ina da ƙane. Shi ka jawo cikin wanga abu."

"Ba wanda zai tuƙa ni shi yi shiru in ba shi ba. Na roƙe shi da Allah." Maliki ya ajiye katakon. "Sun aiko mani da ɗankwalinta, sun yanka fansa: fetur da shinkafa. Sun ce in Juma'a ta wuce, jaririn za su aiko. Mi kake so in yi?"

"To yau fa? Ka shigo motata don ka raka ni shinge a kashe ni a madadinka?"

"Ban san abin da za ni yi ba. Wallahi tun safe ban sani ba." Ya share fuska da hannun riga. "In motar ba ta ja layi gabansu ba, maganar ta mutu. Ba ka da wata dabara?"

Dabara akwai, kuma Kalilu ya san haɗarinta. Suka kwashe buhunan simintin daga gaban tirelar suka mayar can ƙarshenta, bayan tayoyi. Nauyin ya koma baya, bakin tirelar ya ɗaga, gindin Mai Ladabi ya tashi da kamar faɗin tafin hannu. Suka fita daga kwarin a kan katakai. Maliki ya karyo reshen geza ya share inda ƙugiyar ta cake.

Sauran tafiyar azaba ce. Da Kalilu ya ɗan taka mai, sai tirelar ta fara kaɗa gindi hagu da dama tana neman jan motar cikin gona. A giya ta biyu ya lallaɓa, gumi na shiga masa ido. Amma ƙirrr ɗin nan ya ɗauke.

A shingen, gungumen icce ne aka gicciye, da samari riƙe da bindigogin toka da adduna. Wani dogo mai suna Ashraf, mataimakin Maliki, ya taho da karan dawa a hannu. Bai gaida Kalilu ba. Ya wuce bayan motar, ya bi sawun da ƙafa har nesa, ya dawo ya tsuguna, ya zura karan ƙarƙashin ƙugiyar. Akwai sarari.

"Ja gaba kaɗan."

Kalilu ya ja. Ƙasa ta fito sumul, sawun taya kawai.

"Oga, haka take tun daga gari?"

"Ga idonka, ga ƙasa," in ji Maliki daga cikin mota.

Ashraf ya karya karan ya yar. "To, Kalilu, ka yi haƙuri. Mai Ladabinka ta fita." Samarin suka yi dariya, wani ya bubbuga bodin. Kalilu ya sauko, ya jingina da tirelar, yana jin iska na shiga ƙirjinsa kamar yau aka haife shi.

Sai ya ji Ashraf na cewa, "Na faɗa maku tun farko. Saura Hafizullahi na ruga. Amalankensa na da ƙarfen da ka ja ƙasa, kuma tayar mota gare shi. Ku tada babura, mu iske shi kahin shi kora shanu."

Kalilu ya san Hafizullahi. Dattijo ne mai jan amalanke da shanu biyu, kowace ranar kasuwa yana kawo wa matan gari itace da nono. Da daminar bara shanunsa ne suka fitar da Mai Ladabi daga laka, ya ƙi karɓar ko goro.

Babur na farko ya tashi, na biyu ya bi.

Kalilu ya dubi madubin gefen fasinja. Idon Maliki na ciki, yana kallonsa. Ya jira. Maliki bai motsa ba.

Sai Kalilu ya hau tirelar. Ya rungumi buhun siminti na ƙarshe, ya ja shi ya wuce injin, ya sake shi a gaba, tim. Gindin motar ya ɗan sauka. Ya koma ya kama na biyu.

"Kai kuma mi kake yi?" in ji Ashraf, ƙafarsa ɗaya a kan babur.

"Gyaran lodi nike. Ku ɗan dakata, ba ku gama awo ba."

Yana jan buhu na uku ya ji sautin da ya sani: hannun ƙofa ya ɗaga ta waje, gwiwa ta doki ƙarfe. Maliki ya fito. Ya ɗora bindigarsa a kan bonet, ya ja da baya daga gare ta, hannuwansa a sake.

"Ashraf," ya ce, "ku kashe baburan nan. Ku matso kusa, maganar layin Gatawa na bakina, ba ni son in faɗe ta sau biyu."