Tayoyin Jar Motar Zarami

Zarami ya sa wuƙa ya farke ledar da aka naɗe tayar farko da ita, sai ƙamshin sabuwar roba ya cika garejin. Ya daɗe a tsugune yana shaƙa, ido a lumshe, kamar wanda aka buɗe wa kwalbar turare.

Wata huɗu tayoyin suka yi a hanya. Daga Dubai jirgin ruwa ya kawo su Legas, tirela ta kai su Kano, da hantsin yau kuma suka iso Azare a ɗaure bisa wata bas, tsakanin katifu da buhunan taliya. Shi Zarami mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake yi wa mutane. Amma shekara shida ke nan, duk lokacin da aiki ya lafa, sai ya koma kan mota guda da yake ƙerawa da hannunsa. Ja ce, mai kujera biyu, a kwance take dab da ƙasa kamar ƙadangare na shan hantsi. Injin daga wata tsohuwar mota ya ciro shi, jikin kuwa shi ya buga shi da guduma, falle bayan falle. Ya taɓa zagaya unguwa da ita a kan wasu ƙananan tayoyin aro da suka suɗe, ya tabbatar tana tafiya.

Awon ma da irin tasa dabarar ya yi shi. Ya shafa baƙin mai a kan kusoshi biyar na ƙafar motar, ya danna takardar buhun siminti a kai, ya ɗora tef ɗin awo, ya ɗauki hoto ya tura wa dillali. Da aka ba shi zaɓi bai ko yi shawara ba. Ya ɗauki rim, wato ƙarfen da ake sa taya a kai, faffaɗa mai inci goma sha tara, fari sol kamar azurfa, da taya siririya wadda kaurinta daga rim zuwa ƙasa bai wuce yatsu biyu ba. Daidai girmanta ya lanƙwasa madigadin motar, wato baka huɗun nan da ke rufe tayoyi. Shekara guda cur suka ci masa, kuma duk jikin motar babu inda yake ƙauna kamar su.

Irin wannan tayar yake gani a waya, tana gudu a kan wata kwalta da ba ta da rami ko ɗaya. Sau da yawa yana tsaka da walda sai hankalinsa ya tafi can. Ga shi a sitiyari, ga hanya ta miƙe tana sheƙi kamar an wanke ta, babu tumaki, babu mai amalanke, gonakin gero suna wucewa ta gefe kamar ruwa. A mafarkin nan bai taɓa isa ko'ina ba, kuma bai taɓa damuwa da hakan ba.

"To, Babarbare, takalman amaryar sun iso?"

Babayo ne, mai facin taya da ke maƙwabtaka da garejin, Bafulatani, abokin wasansa tun suna firamare. Ya ɗaga tayar, ya juya ta, ya matsa gefenta da babban yatsa.

"Wannan taya ce ko awarwaro?"

"Kai da ka saba da ƙafar saniya, me ka sani?" in ji Zarami.

Tare suka ɗaura ta a ƙafar gaba. Kusoshi biyar suka shige ramuka biyar ba gardama, bakin tayar ya tsaya daidai da bakin madigadi, ko tsinke ba zai ratsa ba. Babayo ya ja da baya, ya tsuguna yana leƙa ɗan tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa. Zarami kuwa daɗi ya cika shi.

A nan wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, Murja. Ta ce an bugo daga ƙauye, jikin Yakaka ya tsananta, tun jiya ba ta haɗiyi komai ba, kuma ba sunan da take kira sai na ƙanwarta.

Yakaka yayar mahaifiyarsa ce, su biyu suka rage a ɗakinsu, tana zaune a wani ƙauye bayan garin Katagum, kusa da kogi. Ita kuwa mahaifiyar tasa, Ya Gana, rabonta da shiga mota shekara goma sha ɗaya, tun ranar da aka kawo gawar mijinta daga wani haɗari a hanya. Duk wani biki ko zaman makoki da ƙafa ba ta kai wa, sai dai ta aika. Da aka matsa mata a wata shekarar, ta nuna tarin ƙarafan da Zarami ya fara harhaɗawa, ta rantse ba za ta ƙara shiga mota ba sai wadda autanta ya ƙera. Kowa ya san abin da take nufi. Ta ɗauka ne motar ba za ta taɓa tashi ba.

Ya same ta a tabarma a ƙofar ɗakinta, carbi a hannu amma ba ta ja. Ya durƙusa.

"Iya, ki bari in nemo motar haya. Liman ya ce ki ciyar da mutum goma, rantsuwar ta warware."

"Na ji abin da Liman ya ce."

"To me ya rage?"

Ta kalli tafin hannunta. "Auta, ba rantsuwar ce ta riƙe ni ba. Ina ganin ƙofar mota a buɗe sai tsoro ya kama ni. Taka ce kawai na ga yadda aka haife ta, tun tana ƙarfe guda. Ita ba ta san jini ba." Ta ɗago ta dube shi. "An ce takalmanta sun zo?"

"Sun zo."

"Za su kai ni wurin Yakaka?"

Ya buɗe baki zai ce e, sai hanyar ta faɗo masa a rai, ta gaskiyar. Kwalta ce har Katagum, mai ramuka nan da can. Daga nan kuwa burji ne da ruwan bana ya zaizaye, sannan yashi mai zurfi har ƙofar gidan. Shekara shida yana auna ƙarfe da tef, bai taɓa auna wannan hanyar ba. Kunya ta kama shi, ya tashi ya koma gareji.

A gareji Babayo ya faɗa masa abin da ya riga ya sani.

"Ramin farko zai lanƙwasa rim ɗin nan. In ma kun tsallake, tana taka yashi cikinta zai zauna a ƙasa." Ya shiga rumfarsa ya gangaro da wata taya mai kauri, baƙa ƙirin, mai manyan haƙora, a kan tsohon rim na ƙarfe da fentinsa ya ɓare. "Ina da huɗu. Ramuka biyar ne, awonsu ɗaya da naka. Za su ɗaga ta sama, kuma yashi ba ya ba su tsoro."

Suka ɗaga motar da jak suka gwada. Kusoshin sun shiga, amma saman tayar ya tokare madigadi. Babayo ya sa hannu ya auna.

"Yatsu uku. Kowane ɓangare." Ya dubi abokinsa, wasan duk ya bar fuskarsa. "In ka yanke, ba za su koma yadda suke ba."

Zarami ya shafa bakan nan da tafin hannu, daga gaba zuwa baya. Ya tuna ranar da ya gama na ƙarshe, yadda ya zauna yana kallonsa har aka kira la'asar bai ji ba. Sababbin tayoyin uku suna jingine da bango cikin ledarsu, hasken da ke ratsowa ta hudar kwano yana wasa a kansu. Na ɗan lokaci ya sake ganin doguwar kwaltar nan mai sheƙi, ya bi ta da ido har ta shige cikin gero. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Miƙo min alli," ya ce.

Ya ja layi a kan jan fentin, ya kunna injin yanka. Tartsatsin wuta ya tashi, ƙarar ta cika unguwa. Kafin azahar baka huɗu na jan ƙarfe suna zube a ƙasa. Da aka sauke motar daga jak sai ta tsaya a ɗage, bakin yankan fari fat babu fenti, kamar amaryar da aka sa wa takalmin noma.

"Yanzu ta zama ta ƙasarmu," in ji Babayo a hankali.

Da ya tsayar da motar a ƙofar gida, Ya Gana tana zaure da ƙullin kayanta a cinya. Murja ta ce tun da aka fara jiyo ƙarar injin yankan tsohuwar ta ɗaure kayan. Tsohuwar ta zagaya motar tana dafa ta, har hannunta ya kai kan sabon yankan. Ta tsaya, ta bi shi da yatsa, ta ɗago ta dubi ɗanta. Ta yi bismilla, ta tattare zaninta, Murja ta riƙe ta har ta zauna.

Suka fita daga Azare a hankali. Ya Gana ta runtse ido, ta damƙe hannun rigarsa, leɓunanta suna motsi. Motar da ya ƙera don ta tsere wa iska tana rarrafe a gefen titi, masu babur suna wuce su suna waiwaye, har wani mai keke ya jera da su na ɗan lokaci. Manyan tayoyin suna gurnani a kan kwalta, suna haɗiye ramuka ɗaya bayan ɗaya. Gero ya yi kai a dama da hagu, kuma wannan karon a tsaye yake, ana iya ƙirga zangarniyarsa.

Sun yi nisa kafin ya ji riƙon ya sassauta. Ya saci kallonta. Idanunta a buɗe suke, iska tana kaɗa gefen mayafinta, tana duban inda hanyar ta nufa.

"Auta."

"Na'am, Iya. In tsaya ne?"

"Iyakar gudunta ke nan?"

"A'a, Iya."

Ta gyara zama, ta rungume ƙullin kayanta da hannu biyu.

"To taka ta. Yakaka na jira."