Gidan Tsutsar da Tasalla Ta Bari Iri

Duk Burumburum an san Tasalla da kaɗin zaren tsamiya, wanda ake wa manyan riguna aiki da shi. Tsutsa ce ke saƙa shi, ta yi gida a reshe ta kwanta ciki, daga baya ta fito da fukafukai ta zuba ƙwai. Masu kaɗi kan ciro gidan su dafa da ruwan toka. To, tun da motocin itace suka gano hanyar dajin, aka kuma shiga feshin gonakin auduga, tsutsar ta yi ɓatan dabo. Mazarin Tasalla har ya yi ƙura.

A daminar 1988 ta tsinci gida ɗaya tak a wata tsamiya can bakin rafi. Hannunta ya yi ƙaiƙayi, amma ta daure, ta ɗaura tsumma a reshen don a san da mai shi. Iri take so ya zama.

A ranar nan, ƙanenta Surajo ya zo gaishe ta. Masunci ne, ya bar kogin Binuwai ya dawo tafkin Bagauda da tarunsa. Ya ba ta labarin kunamar ruwa, wani faffaɗan kifi kamar faifai, marar ƙaya sai guringuntsi, mai dafi a wutsiya.

"Ba ta zuba ƙwai, Yaya, haihuwa take yi, ɗaya ko biyu. Mun yi ta kashe ta har ta gagari gani."

"Allah sarki. Nawa ƙwaro ne, ƙwai yake zubawa rututu. In gida ɗaya ya tsira, ya isa."

Ba ta gaya masa inda gidan yake ba, don magana zarar bunu ce.

Washegari da jijjifi Surajo ya sauka rafi, ya hangi tsumma, ya gane yagen zanen yayarsa ne. A ƙasar nan wanda ya ɗaura tsumma cirowa zai yi, kowa ya san haka. Ya tuna ciwon gwiwarta, ya hau ya ciro, ya miƙa wa jikarta Luba ta dafa. Mutumin kirki, Surajo, kirkin da ba ya tambaya.

Tasalla ta fito ta tarar da tukunya na tafasa, shi kuma yana murmushi yana jiran godiya. Ta tsamo gidan da muciya ta yage shi. Ga tsutsotsin nan jere a ciki, sun dahu, wasu har fukafukai sun fara fitowa. Ta ajiye muciyar.

"Sannu da aiki, Surajo," ta ce. "Shi ke nan, ni ma tawa tsutsar ta gagari gani."