Gefen Hagu, Inda Ake Mari

Tun ranar da ta dawo da takardar digirinta Baffa ya raɗa mata Injiniya, kuma bai taɓa faɗin sunan ba sai ya ja ƙarshensa kamar mai tallan gwanjo. Shagon na gyaran kayan sauti ne. Mahaifinta ne ya kafa shi, da ya rasu ya koma hannun ƙanensa, wanda ya gaji kujera da mabuɗi, gyaran kuwa ya bar wa Allah. Ita teburin kawai take so, wanda ke jikin taga, da tabon ƙunar dalma a kowace kusurwa, inda tun tana ƙarama take miƙa wa mahaifinta sukudireba.

Baffa ma teburin yake so, ko dai wurin da yake. Ya riga ya sayo akwatin gilashi na baje rigunan waya da caja, yana jingine a bayan ƙofa, kuma a duk shagon wurin teburin ne kaɗai mai wucewa ke hangowa. Ya ce ita sai ta koma bayan kanta tana yi wa masu saye murmushi, tunda murmushi ba ya buƙatar digiri.

Ana cikin wannan ja-in-ja Mai Aski ya shigo yana nishi, rungume da amfilifayarsa, na'urar ƙara sauti. Tsohuwa ce, baƙa, mai nauyin buhun siminti, ta girmi Injiniya nesa ba kusa ba. Ita ke rera wa shagon askinsa waƙa tun yana da baƙin gashi. Ciwonta ɗaya: in ta ɗauki zafi sai lasifikar hagu ta yi gum. Maganinta ma ɗaya: mari a gefen hagu. Shi ya mara, masu jiran aski su mara, har fentin wurin ya goge ya bar siffar tafin hannu tana sheƙi. Yanzu kuwa ta kangare, ko an mare ta sai ta ga dama.

Baffa ya ce ya san ta ciki da waje, ai shi ke duba ta tun bayan rasuwar yayansa, kuma kayan zamanin da tarbiyya suke so, ba lissafi ba. Sai ya juyo da fara'ar da ba ta kai ido ba.

"Ga jarrabawa, Injiniyaaa. In ta yi waƙa da kunne biyu, tebur naki ne. In ta ƙi, gilashina ya gaji da tsayuwa."

Ta ce ta ji. Ba ta ce ta gode ba.

Da ta cire murfin, sai ta ga tarihin hidimar Baffa a shimfiɗe. Fis ya daɗe da ƙonewa, an naɗe shi da takardar kwalin sigari mai ƙyalli, domin kada ya sake yin rashin kunyar ƙonewa in wuta ta yi yawa. Taransistocin gefen hagu, masu ƙara wa sauti ƙarfi, kowanne da danginsa, kamar fasinjojin mota ɗaya. Akwai kuma rile, ɗan makunnin da ke riƙe sauti na ɗan lokaci bayan an kunna, har wuta ta daidaita, don kada lasifika ta sha bugu. Shi an tsallake shi da guntuwar waya. Ta tambayi dalili. Baffa ya ce ɓata lokaci yake yi, mutum ya kunna kayansa kuma ya tsaya jira kamar mai neman alfarma.

Ta fara da sauke cajin manyan kafasitoci, don ta san suna ajiye wuta a ciki ko an zare soket. Ɗaya ya riga ta, ya ba ta wutar a yatsa har gwiwar hannu. Ta cije leɓe ba ta yi ko tari ba, domin Baffa na kallo ta saman gilashin idonsa yana jiran abin da zai ba maƙwabta labari. Ta sauya waɗanda suka kumbura, ta nemo taransistoci 'yan gida ɗaya, ta sa fis na gaskiya, ta cire guntuwar wayar ta wanke bakin rilen. Ta haɗa kwan fitila a layin wuta, yadda in akwai matsala kwan ne zai haska maimakon kaya su ƙone. Baffa ya ce masha Allah, an kawo rediyo an mayar da ita fitila.

Ta kunna. Kunne biyu suka ɗauka, sauti garau. Har ta fara gyara zama, sai ƙarfen da ke shan zafi a cikinta ya ɗumama, hagu ta yi gum kamar yadda ta saba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Ta auna da mita, komai daidai in amfilifayar na sanyi, komai daidai kuma da zarar tsinken mitar ya taɓa allon da ke cikinta, kamar mara lafiyar da ke warkewa a ƙofar likita. Mai shagon taya da mai ɗinki suka mayar da bakin tagarta wurin hira, kowa da shawararsa. Wani ya ce a shanya ta a rana. Baffa ya matso da akwatin gilashinsa kusa da gwiwar hannunta, kullum da safe ya goge shi da tsumma yana waƙa a hanci. A gida Inna ta ce ta haƙura mana, bayan kantar ma ai wuri ne. Ta ce wa Inna ba ta yi karatu don ta zaɓa wa mutane launin rigar waya ba, ta shafa man zafi a yatsa, gari ya waye ta koma.

Abin da ya tsaya mata shi ne marin. Kayan da mari ke tayarwa ba lalacewa suka yi ba, wani abu ne ke haɗuwa yana rabuwa. Ta samo tsohon buroshin haƙori, ta bar amfilifayar ta yi zafi har hagu ta ɗauke, sannan ta shiga ƙwanƙwasa allon da gindin buroshin a hankali, wuri bayan wuri.

Baffa ya kira mai taya ya zo ya gani. "Ashe a jami'a ma duka ake koyarwa. Sai dai nasu na 'yan gayu ne."

Ba ta ɗago ba. Kusa da ƙarfen da ke shan zafi, daidai bayan tafin hannun nan mai sheƙi, ta taɓa ƙafar wata babbar rizisto, sai hagu ta yi tari ta dawo. Ta sa madubin ƙara girma. Dalmar da ke riƙe ƙafar ta tsage zobe guda, siririn da bai kai gashi ba. In zafi ya zo ya buɗe, in mari ya zo ya rufe, kowane mari kuma ya ƙara masa faɗi. Shekara da shekaru ana yi mata magani da abin da ke kashe ta. Ta zuƙe tsohuwar dalmar, ta narka sabuwa, ta bi duk maƙwabtan ƙafar ta sabunta. Ta bar ta tana waƙa tun safe har la'asar, ba ta ko yi tuntuɓe ba.

Mai Aski ya zo da kaset ɗinsa. Injiniya ta danna makunni. Shiru, domin rile na aikinsa. Shirun bai kai a haɗiye yawu ba, amma ya fi ƙarfin Baffa. Ya miƙa hannu ya zabga wa gefen hagu mari. Rile ya yi ƙas, waƙa ta cika shagon ta kunne biyu.

Baffa ya ɗaga tafinsa yana nuna wa jama'a, ya ce ga digirin da ba a ratayewa a bango. Ya fara jan akwatin gilashi. Mai Aski ma, da ya yi rabin rayuwarsa yana wannan marin, ya gyaɗa kai.

Ta kashe amfilifayar. Ta ɗauko farantin da ta tara ƙananan sukurori, cike har baki, ta miƙa masa da ladabin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Baffa, don Allah riƙe mini da hannu biyu. In ɗaya ya faɗi ba a samun irinsa yanzu."

Ya karɓa kafin ya gane. Ta danna makunni, ta naɗe hannuwanta a ƙirji. Shirun ya dawo. Kafaɗar Baffa ta motsa, sukurori suka yi kacau a faranti, ya daure. Ƙas. Waƙa ta fito, hagu da dama. Ta kashe, ta sake kunnawa, ta kuma sakewa, har mai taya ya fara cewa ƙas da bakinsa kafin rilen.

Baffa ya ce marin farko ne bai gama aiki ba. Babu wanda ya musa masa, babu kuma wanda ya taya shi. Mai Aski da mai taya suka kama akwatin gilashin suka kai shi inda ya rage wuri, wato gaban kujerar Baffa, har ya tare masa kallon titi.

Mai Aski ya tsaya yana shafa wurin da fenti ya goge, kamar mai bankwana. Ya tambaye ta, to in ya kunna ya ji shiru, me zai yi da hannunsa?

"Aski, Baba," in ji ta, ta jawo kujerarta jikin taga.