Hayaƙin Jego

Tun kafin a yi sunan Hamidu tari ya kama shi. Ba tari ne mai ƙarfi ba, amma duk lokacin da ya yi sai Lauratu ta ga fatar da ke ƙarƙashin haƙarƙarinsa ta lotsa ciki. An haife shi bai cika watanninsa ba. Florentine, ungozomar ƙaramin asibitin garin, ta faɗa mata tun ranar sallama cewa ƙirjin yaron bai yi ƙwari ba, kada a bari ya shaƙi hayaƙi, ko da na turaren wuta ne. Lauratu ta riƙe maganar da hannu biyu. Sai dai murhun wankan jego yana daidai ƙarƙashin tagar ɗakinta.

Haihuwar fari, ta 'yarta Safiya, a gidan iyayenta ta yi, can cikin Garoua. Wannan karon kuwa a gidan miji ne, a ƙauyensu da ke kan hanyar Pitoa, kuma surukarta Inna Yelwa ce mai wanka. Safe da yamma tsohuwar takan ɗora rabin duro a kan duwatsu uku, ta cika shi da ruwa da ganyen darbejiya, ta hura wuta. Da a ce busasshen itace ne da da sauƙi. Amma busasshen itace ya yi nisa da garin tun da jama'a suka ƙaru, masu gadin daji kuma suna ƙwace duk kayan da suka kama. Abin da ake samu ɗanyen reshe ne, wanda sai an cusa masa leda kafin ya kama, in ya kama kuma ba harshen wuta, sai farin hayaƙi mai yaji da ke bin tagar ya cika ɗaki.

Abin da ya fi ci wa Lauratu rai shi ne, a tsakar gidan nan, taku kaɗan daga murhun, ga tankin rana a tsaye kan ƙafafunsa na ƙarfe. Bara ne 'yan proje, ma'aikatan wani shirin raya karkara, suka kawo tankunan, suka ce duk gidan da ke so ya sa suna ta hannun ƙungiyar mata. Tanki ne fari a kwance, da dogayen kwalabe baƙaƙe a jere suna fuskantar rana. A zuba ruwan rijiya da safe, kafin la'asar ba mai iya tsoma hannu a ciki, kuma zafin yakan kwana. Lauratu ce ta nace wa mijinta Mahmudu har ya yarda, tana da ciki a lokacin, tana hango wannan ranar.

Garin bai karɓi tankunan da daɗin rai ba. Gidajen da suka sa ba su da yawa, sauran kuma suna yi musu kallon masu son nuna wayewa. Tsofaffin mata suka raɗa wa abin suna tukunyar Nasara, ruwan cikinsa kuma suka ce ɗanyen ruwa ne. In ji su, ruwan da wuta ba ta taɓa ba ko ya yi zafi bai dahu ba, ba ya gasa jikin mai jego, kuma sanyin da zai bari a ƙashinta sai ta tsufa za ta san da shi. Wadda ta fi kowa yaɗa wannan magana ita ce Aisatu maƙwabciyarsu, wadda sana'arta sayar da itace, kuma ƙawar Inna Yelwa tun suna amare.

Lauratu ta fara da lallashi. Ta durƙusa, ta ce wa Inna don Allah a gwada na tankin ko na kwana ɗaya ne, saboda yaron. Inna ba ta ko juyo ba. Tana tura reshe cikin murhu ta ce ita ta haifi shida, duk a wannan murhun aka gasa ta, ba wanda hayaƙi ya kashe, kuma ba za a fara wankan ɗanyen ruwa a gidan da take numfashi ba. Lauratu ta roƙa ko a mayar da murhun bayan gida, wajen awaki. Nan ma aka ce a'a, murhun jego ba ya tashi daga inda kakar Mahmudu ta kafa shi.

Ta koma kan mijinta. Mahmudu mahauci ne, da asuba yake fita mayanka, ya dawo da rana jikinsa duk ƙarnin jini da gajiya. Ya saurare ta yana kallon ƙasa. Sannan ya gaya mata abin da ba ta sani ba. Tun ranar da aka kafa tankin abokan sana'arsa suke tsokanarsa, suna cewa in matarsa ta haihu rana ce za ta yi masa aikin miji. A wajensu namiji ana gane shi da tulin itacen da ya jibge a ƙofar gida lokacin jego, da hayaƙin da ke tashi daga gidansa safe da yamma. Gidan da aka haihu kuma ba hayaƙi, ko mijin matsiyaci ne ko uwarsa muguwa ce. Ya ce ta yi haƙuri, arba'in ba shekara ba ce.

"Baban Safiya, ka saurari numfashinsa," in ji ta.

Ya saurara, ya shafa kan yaron, ya ce zai sayo maganin tari a Pitoa ranar kasuwa.

Florentine ta biyo a kan babur ɗinta wata safiya don duba mai jego, ta tarar da ɗakin kamar wurin gashin kifi. Ta ɗauki yaron ta fito da shi inuwar mangwaro, ta ɗora kunne a bayansa, fuskarta ta canza. Da Hausarta mai gauraye da Fulatanci ta ce wa Inna ruwan zafi ruwan zafi ne, ko wuta ta dafa shi ko rana, ita ma uwarta a Yagoua da ruwan zafi aka yi mata wanka, ba wanda ya hana wannan. Hayaƙin kawai take magana. Inna ta miƙe da muciyar juya ganye a hannu, ta ce ita ba ta taɓa zuwa asibiti ta koya wa kowa allura ba, saboda haka kada wata ta shigo mata gida ta koya mata jego. Aisatu tana leƙe ta kan katanga, tana ƙara gishiri, wai su Florentine ne suke cin lada a wajen 'yan proje kan kowane tanki. Florentine ta miƙa wa Lauratu ɗanta, ta ce mata a hankali in numfashin ya ƙara sauri kada ta jira kowa, ta aiko a kira ta. Ta tayar da babur ta tafi.

Daga ranar gidan ya ƙara yin tsami. Inna ta daina amsa gaisuwar Lauratu da baki, sai da kai. Wajen wanka kuma in ta tsoma ganye a ruwa ta fyaɗa mata a baya, Lauratu takan ji akwai abin da ya fi al'ada a cikin fyaɗin. Ta toshe tagar da tsohon zane mai laima, zafin bazara ya mayar da ɗakin tanda, hayaƙin kuma ya sami hanya ta ƙarƙashin kwanon rufi.

Hancinta ne ya fara gaya mata akwai wani abu. Ruwan duro yana da warinsa, warin baƙin tukunya da toka, har ɗan garin gawayi yakan yi yawo a samansa. Wata yamma ta lura ruwan da ke cikin daro fari ne tas, ba ya warin komai sai ganye. Kashegari ma haka. Kuma Inna, wadda a da takan shigo tana dafe da ƙugu saboda kwasar ruwa daga duro, yanzu takan shigo a miƙe.

Da safiyar da ta biyo baya, Lauratu ta ɗage gefen zanen tagar ta leƙa. Ta ga surukarta ta waiga ƙofar gida, ta waiga katangar Aisatu, sannan ta ja daro zuwa gindin tankin ta murɗa kan famfon. Ruwa ya zubo yana tururi. Ta watsa ganye a ciki ta rufe da faifai. Daga nan ta dawo wajen murhu. Duron da ke kai ɗan ruwa ne kawai a gindinsa, don kada ya ƙone. Tsohuwar ta ɗebo ɗanyen ganye da jiƙaƙƙen reshe ta danna a kan garwashin, ta fifita har hayaƙi ya turnuƙe ya haye saman katanga, inda duk mai wucewa zai gani.

A bayanta Hamidu ya saki tari, ya yi ta yi, har ya kasa kuka.

Lauratu ta ɗaga shi ta jijjiga har numfashinsa ya dawo, ta kwantar da shi a lungun da ya fi nisa da taga. Ta ɗaura zane ta fito. Ba ta taɓa tsayawa a kan surukarta ba, kullum durƙusawa take yi, amma yau ƙafafunta suka ƙi lanƙwasa.

"Inna, tun yaushe?"

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi daron da ke rufe da faifai, ba ta ko ji kunya ba. Ta ce bayanta ne ya gaza, ba za ta iya kwasar duro sau biyu a rana ba, kuma ta ga jikin Lauratu bai nuna wata illa ba. Amma wuta ba za ta mutu ba.

"Kina so a ce Yelwa ta bar surukarta ba wanka? Kina so a ce ɗana ya kasa itace? Ke baƙuwa ce a garin nan, 'yar birni. Ni a nan za a binne ni."

"To hayaƙin na wa ne, Inna?"

"Na masu ido."

Lauratu ta nufi murhun. Ta naɗe hannu da tsumma, ta ture duron ya faɗi gefe. Ta jawo tsohon kwanon rufi da ake shanya kuɓewa a kai, ta kwashe itacen da garwashin da ganyen duka ta zuba a sama. Inna tana faɗin me za ki yi, ke mahaukaciya ce, ita kuwa ta kama bakin kwanon tana ja, yana ƙara a kan ƙasa, hayaƙi yana dukan fuskarta, ƙasan cikinta yana suka. Ta ratsa tsakar gida, ta ratsa zaure. Mai jego ba ta taka ƙofar gida kafin arba'in, kowa ya sani, ita ma ta sani. Ta taka. Ta ja kwanon har tsakiyar hanya, tsakanin ƙofarsu da rumfar itacen Aisatu, ta sake shi a nan.

Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya da bokitai a ka. Aisatu ta fito tana tari, tana kore hayaƙi da gefen mayafi, tana tambaya wane irin rashin kunya ne wannan.

"Goggo Aisatu, naku ne," in ji Lauratu. "Don ku ake hura shi. Ɗana ya sha rabonsa, ku shaƙi sauran."

Ta juya ta shige, ta bar su da surutu. Ta ji Aisatu na cewa dama an faɗa, duk gidan da tukunyar Nasara ta shiga albarka ta fita. Ta ji wata na cewa a aika mayanka a kira mijin.

Mahmudu ya dawo da wuƙaƙensa a hannu ko wanke su bai yi ba. Ya sami uwarsa zaune a zaure ta rufe fuska, ya shigo ɗaki ransa a ɓace, ya ce ta tozarta shi a gaban gari, ta je ta ba Inna haƙuri yanzu. Lauratu ta ce za ta je, za ta durƙusa, duk abin da Inna ta faɗa mata za ta haɗiye. Amma in aka sake hura wuta a ƙarƙashin tagar nan, ita da yaron za su hau mota zuwa Garoua, ko arba'in ta cika ko ba ta cika ba. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya fita.

Ta je ta durƙusa ɗin. Inna ta kau da kai, ta ce daga yau ta cire hannunta, wadda ta iya jan wuta ta iya yi wa kanta wanka, in sanyi ya kama ta kada ta kira sunanta.

Da yamma Lauratu ta tari ruwa a tankin da kanta, ta jiƙa ganye, ta shiga makewayi ita kaɗai. Gaba da ƙafafu ba wuya, baya ne hannunta ba ya kaiwa, ta yi ta lanƙwasa har ta gaji. Ba wadda ta leƙo. Matan da suka saba kawo mata kunun kanwa su ma ba su zo ba, ranar da kashegari.

Wutar dai ba ta mutu ba. Inna ta kafa sabon murhu a ƙofar gida, daga waje, ta ɗora duronta, safe da yamma tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana fifita, tana amsa sannu da aiki daga masu wucewa. In sun haɗu da Lauratu a tsakar gida, kallon bango take yi.

Lauratu ta cire zanen da ta toshe taga da shi, iska ta shigo. Tarin bai tafi gaba ɗaya ba, yakan dawo jefi-jefi. Amma da ta ɗora Hamidu a nono bayan wankan safe, ya kama bai saki don neman numfashi ba, ya yi ta sha har barci ya kwashe shi, madara na gangarowa ta gefen bakinsa.