Buhunan Doyar Baba Ishaya

Magdalene ta shimfiɗa zani a tsakar gida tana jera kwalabe a kai, kamar mai shirin buɗe kemis. Likita ne ya ce a kawo masa duk abin da mahaifinta yake sha, har da wanda ake jin kunyar faɗa. Ga man zaitun da fasto ya yi wa addu'a. Ga garin da ƙaninta Godfrey ya aiko daga Legas, a gwangwani mai hoton wani tsohon Bature yana gudu a bakin teku. Ga jiƙon ganyen gwandar daji na matan zumuntar coci.

Labaran yana tsugune a ƙofar ɗakinsa yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa, yana bin kwalaben da ido. Tasa gorar ba ta ciki, domin tasa sirri ce tsakanin maza biyu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haya a gidan Baba Ishaya, mahaifin Magdalene, a Gwagwalada, tun da ya taso daga Kazaure da buhun albasa ɗaya. Baba mutumin Gbagyi ne, manomin doya tun kaka da kakanni, har ranar da gari ya iso gonarsa ya haɗiye ta. Aka bar shi da gida mai ɗaki shida da hannuwan da ba su iya zama ba, sai ya koma dasa doya a buhunan siminti a bayan ɗakinsa, inda ba ya barin kowa ya leƙa.

Cutar ta bayyana shekara biyu da suka wuce. Ciwon daji ne, wato kansa, a wani ƙululu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kuma kafin a gane ta har ta sauka a ƙashin ƙugu. Likitocin asibitin koyarwa suka ce batun cirewa ya wuce, sai dai a riƙe ta da allura duk wata uku. Allurar ta riƙe ta kuwa. Fitsari ya sake, ciwon ƙugu ya lafa, Baba ya koma zaginsa na kaji. Amma ta zo da nata harajin: zufa ta karyo masa yana zaune a inuwa, ƙirji ya ɗan tasa, muryar da take tsayar da faɗan 'yan haya ta yi laushi. Wata rana ya share wuya da tawul ya ce wa Labaran, da Hausarsa da ba ta damu da namiji da mace ba, "Wannan allura, yana so ya mai da ni tsohuwa kafin in mutu."

Baba dariya ya yi. Labaran kuwa maganar ta tsaya masa a rai. A ganinsa, mutum ya mutu ba abin kunya ba ne, amma a rage shi tun yana numfashi, wannan ba ta dace da dattijon da bai taɓa ɗaga masa murya ba. Saboda haka ranar da ya je tashar Utako karɓar saƙo, ya tsaya gaban wani Ɗangoggo, mai magani da lasifika, wanda ya warkar da rabin Najeriya amma bai samu shago ba tukuna. Ɗangoggo ya saurare shi da tausayi, ya ce asibiti haka suke, su kashe maciji su kashe mai gida. Ya haɗa masa jiƙon da ke mayar wa namiji ƙarfinsa, baƙi ƙirin, mai warin tayar da aka ƙona.

Tun daga nan, duk Juma'a Labaran yakan miƙa gora ta taga. Duk Alhamis Baba yakan dawo da ita wayam, a wanke, ya ce Allah ya saka. Wata huɗu ana haka.

Da la'asar ɗin ranar da ta jera kwalaben, Magdalene ta dawo daga asibiti, ta zauna a kan turmi tana ba Barira, matar Labaran, labari. Likita ya tantance kwalaben nan kamar jami'in kwastan. Man zaitun a ci gaba da shafawa, tausa na rage ciwo, addu'a kuma ba ta faɗa da allura. Zogale a miya, lafiya lau. Tafiya kaɗan da hantsi ta fi garin Godfrey, wanda ba ya cutarwa kuma ba ya komai, kamar mai aiko shi. Jiƙon ganye a daina, saboda ƙoda. Sai abu guda da likitan ya ɗaga yatsa a kai: cutar nan da ƙarfin namiji take ci, allurar yunwa take sa mata. Duk wanda ya ba Baba maganin ƙarfin maza, to cutar ya kai wa tuwo.

Ta ƙara da cewa gwajin jini ya nuna allurar ta fara sakin hannu. Likita ya ce haka take yi da kanta bayan shekara biyu ko uku, ba laifin kowa ba ne. Wannan jimlar ta ƙarshe Labaran ya ji ta, amma bai karɓe ta ba. Shi ya san laifin wane ne. Albasar da ke hannunsa lafiyayya ce, ya jefa ta cikin ruɓaɓɓu.

Ranar Juma'a bai je taga ba. Ya koma gaishe da Baba daga bakin ƙofa, da sauri, kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Tuwo ya daina wuce masa. Barira ta yi zaton shawara ce, ta dafa masa ganyen gwanda, domin a gidan nan ba wanda ake bari ya rame ba tare da jiƙo ba. Sau uku ya shirya maganar da zai yi wa Magdalene, sau uku ya hango kayansa a titi da mutanen unguwa suna cewa ɗan haya ne ya ƙarasa mai gida. Wannan bai fi damunsa ba. Abin da ya fi damunsa shi ne gorar nan da ake dawo da ita a wanke.

Baba ya yi ta raguwa cikin damina. Aka sauya masa ƙwayoyi, daga baya aka ba shi maganin ciwo na ruwa, cokali duk awa huɗu, wanda Magdalene take aunawa da sirinji. Da shi aka samu sauƙi. Ya daina cije leɓe, ya koma barci, har ya nemi kunun gyaɗa. Godfrey ya bugo waya ya ce a kai shi Indiya. Baba ya ce a gaya masa ko Abaji ba zai je ba.

Ranar wata Talata da hantsi Magdalene ta ƙwanƙwasa wa Labaran, ta ce Baba yana son rana kuma ita kaɗai ba za ta iya ɗaga shi ba. Babu hanyar gudu. Ya ɗauke shi, bai fi rabin buhun albasa ba, ya zaunar da shi a kujerar roba jikin bango. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Labaran, ka rame. Ni ne ba lafiya ko kai?"

"Kasuwa ce, Baba."

"Kasuwa." Ya rufe ido. "Na ga ka daina kawo mini gora."

Labaran ya ce mai maganin ya yi tafiya. Baba ya ce to Allah ya kai shi nesa. Ya sha kunu cokali uku, ya tambayi ko an yi ruwa a Abaji, ya yi barci rana na dukan ƙafafunsa. Da Magdalene ta zo da sirinjin ƙarfe goma sha ɗaya, ba a bukatarsa. Ta taɓa goshinsa, sannan ta gyara masa tawul ɗin wuya. Abin da ta fara faɗa shi ne, "Bai ji ciwo ba." Ta faɗa sau biyu, na biyun kamar mai sauke tulu.

An yi jana'iza ranar Asabar. Labaran ya jera kujeru, ya tsaya a wajen coci har aka fito, ya bi gawa. Godfrey ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda ya kula da mahaifinsa.

Kwana biyu bayan baƙi sun watse, Labaran ya sami Magdalene tana wanke kofuna. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya faɗi komai: Utako, Ɗangoggo, Juma'a goma sha shida. Ya ce in ta ce ya tashi, zai tashi. Magdalene ta saurare shi har ƙarshe, ta goge hannu a zani.

"Malam Labaran, zo ka ga wanda ka kashe."

Ta kai shi bayan ɗakin Baba. Buhu uku ne jere, kowanne da sandarsa. Biyu sun yi ganye har sun hau kwano. Na ukun igiyarsa ta bushe tun tuni, ta naɗe a sanda kamar tsohon zare, ƙasar cikinsa baƙa, tana warin taya.

Ta ce Baba bai taɓa zuba sabon taki a gona gaba ɗaya ba. Kunya ɗaya yake warewa ya gwada, ya jira kaka, haka ubansa ya koya masa. Ba zai yi wa cikinsa abin da ba ya yi wa gona ba. A buhunan nan yake juye magungunan da ba na likita ba: buhun farko na matan zumunta ne, na biyu na Godfrey, na uku na Labaran. Ita ma sai kwana biyu kafin rasuwar ya gaya mata, ya ce in Labaran ya zo da wannan fuskar tasa, a nuna masa.

"Tun gora ta uku doyar ta mutu," in ji ta. "Ya ce ba zai faɗa maka ba, kai da ka je har Utako saboda shi."

"Ko kurɓi ɗaya bai yi ba?"

"Baba? Mutumin da ya sa nas ta karanta masa takardar allura sau biyu?"

Labaran ya zauna a kan bulo. Wata dariya ta taso masa, ta haɗu da kuka, suka fito tare. Magdalene ta ba shi lokaci, sannan ta ce akwai sauran shinkafar baƙi, in zai ci. Ya ce zai ci. Ta tafi ɗebowa.

Sandar buhun tsakiya ta karkace saboda nauyin ganye. Ya tashi ya zare ta buhunsa, ya karkaɗe busasshiyar igiyar, ya soke ta a gefen waccan, ya ɗaure su biyu da zaren buhu.