Da Sauƙi

Malam Koka mutumin Saliyo ne, can bakin teku, kuma shekararsa ɗaya da 'yan watanni yana koyar da Turanci a Rogo lokacin da sanƙarau ya shigo ƙasar da bazara. Hausarsa ta kundi ce. Yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango inda yake tara kalmomi, Hausa a hagu, Turanci a dama, kowace kalma da abokiyarta guda ɗaya tak, kamar an ɗaura musu aure. Abin da ya shiga littafin nan kuwa ya zauna ke nan, babu mai raba shi. Mutumin kirki ne, ba a raba shi da fara'a, amma akwai shi da ji da kai a kan aikinsa.

A gidan Malam Mijinyawa, malamin dagaci, aka ba shi ɗaki biyu shi da matarsa Remi. Mijinyawa shi ne ɗalibinsa na farko a garin, kuma shi ne ya fi kowa naci. Da hukumar En'e ta kira Koka garin Ƙaraye ya yi wata biyu yana koya wa malaman hakimi Turancin wasiƙa, sai ya bar Remi a hannun Inna Turai, mahaifiyar Mijinyawa, yana zuwa duk Asabar a kan kekensa.

Ran Lahadin da zai koma, Remi ta tashi da ciwon kai da zafin jiki. Ta ce ya tafi, rana ce kawai ta buge ta. Bai so ba, don ko a makon nan an binne mutum uku a unguwar. Ya ja Mijinyawa gefe ya ce ya riƙa rubuto masa halin da take ciki, kuma da Turanci, don ya jefi abu biyu a tafiya ɗaya: ga labari, ga darasi.

Takardar farko ta iso ran Litinin da la'asar a hannun wani mai jakuna. Layi ɗaya ce, kuma ƙarshenta kalmar nan ce da ɗalibai ke kira "beta". Koka da kansa ya koyar da ita. Ya taɓa rubuta "da sauƙi" a kan allo, ya ja layi, ya sa "beta" a gabanta, aji ya maimaita har sau goma. A Turancin da ya tashi da shi, idan aka ce majinyaci beta, to ya juyo ke nan, ya fara neman abinci. Ya yi ajiyar zuciya. Har ya ɗauko jan fensir ya gyara wa Mijinyawa harafi ɗaya, washegari kuma ya karanta wa aji takardar don su ga yadda ake wasiƙa gajeriya mai ma'ana.

A ranar ne Malam Shitu, malamin asibitin Ƙaraye, ya tare shi a bakin ofishin hakimi. Bayan sun gaisa ya ce, "Malam, na ji an ce maiɗakinka ba ta jin daɗi. Ƙwayoyin sanƙarau da aka aiko mana daga Kano sun kusa ƙarewa. In ware mata nata, ko da ba shi ba ne?"

Koka ya dafa aljihun da takardar take, ya juya kalmar a kansa daga Turanci zuwa Hausa, ya ce, "Na gode. Ta warke."

"Alhamdu lillahi," in ji Shitu. "To bari in tura su Ruwan Bago, can abin ya yi tsanani."

Ran Laraba wata takardar ta zo, ita ma beta.

Ran Alhamis da safe Malam Dabo, ɗaya daga cikin malaman hakimi, ya shigo aji a makare, idanunsa jawur. Kowa ya san wansa Sulle yana kwance kwana huɗu. Koka, da yake ba ya barin dama ta wuce shi, ya tambaye shi jikin wan nasa da Turanci. Dabo ya miƙe tsaye yadda aka koya masa, ya ce, "Beta, Malam." Koka ya yaba masa, aka ci gaba da karatu.

Ba a kai ga kiran azahar ba aka leƙo aka yafito Dabo. Jim kaɗan sai ga mutane sun wuce ta bayan ofis da makara a kafaɗa, Dabo yana biye. Malamai suka rufe littattafansu suka fara neman takalma.

Koka ya riƙe hannun rigar Malam Isyaku, dattijon ajin. "Wa ya mutu?"

"Sulle ne, Malam. Allah ya yi masa rasuwa."

"Amma Dabo ya ce da sauƙi. Yanzu-yanzu ya ce. Ƙarya ya yi mini?"

Isyaku ya dube shi da mamaki. "Wace irin ƙarya kuma? To me zai ce? Mu nan, Malam, muddin da sauran numfashi, da sauƙi ake cewa. Ba a yanke wa mutum ƙauna daga rahamar Ubangiji."

"Ko yana mutuwa?"

"Ai lokacin ne ma aka fi faɗa."

Koka ya sa hannu a aljihu. Ya zaro takardun nan biyu ya duba. Ga gyaransa na jan fensir yana nan raɗau. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya baro gida, don ya gane cewa kwana huɗu ke nan bai san komai game da matarsa ba. Mijinyawa bai yi kuskure ba. Abin da aka koya masa shi ya rubuta, kuma wanda ya koya masa ɗin ga shi nan tsaye da alli a hannu.

Da gudu ya isa wurin Shitu. Shitu ya saurare shi, ya juye gwangwanin magani a tafin hannunsa. Ƙwaya shida suka faɗo. Ya ƙulle su a takarda, ya ce a daka bibbiyu a dama da ruwa a ba ta. Sannan ya ƙara da cewa, a hankali, "In tana iya haɗiya."

Mai hankali ba ya kama hanyar Rogo da tsakar rana a bazara, amma Koka ya kama. Ƙarfen keken yana ƙona hannu. Inda yashi ya yi yawa sai ya sauka ya tura, yana haki, yana lissafin kwanaki. Sulle kwana huɗu ya yi. Remi yau kwananta biyar. Ya ƙirga daga Lahadi, ya sake ƙirgawa daga Litinin ko zai samu ragi, sai ya ga huɗu ne, daidai da na Sulle. Gonakin gero da na gyaɗa duk an share su ana jiran ruwa, babu ko inuwar kirki. A wani ƙauye ya hangi sabbin kaburbura guda uku an jera musu ƙaya, ya kau da kai, sai kuma ya ga idonsa ya koma yana auna tsawonsu.

A bakin wata rijiya ya tsaya shan ruwa, ya tarar da wani ɗan koli da ya baro Rogo da hantsi. Mutumin ya shiga gaisuwa, ina gajiya, ina aiki, yaya zafi, yaya mutanen Ƙaraye. Da can Koka yana son wannan doguwar gaisuwa, har ya ba ta shafi guda a littafinsa. Yau ji ya yi kamar ya shaƙe shi. Da ƙyar ya samu ya jefa tambayarsa.

"Matar malamin boko? Na ji ana maganarta a kasuwa. Da sauƙi."

"Tana ci? Tana magana? Ta tashi?"

Ɗan kolin ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar kayansa. "Da sauƙi dai, Malam. Allah ya ƙara sauƙi."

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shiga Rogo. Tun daga nesa yake kallon ƙofar gidan Mijinyawa, yana neman tabarmi da taron mutane. Babu tabarma. Akuya ce kawai kwance a dakali. Ya yar da keken a zaure, ya wuce Mijinyawa da ya taso zai gaishe shi, ya faɗa ciki ko sallama babu.

Inna Turai tana zaune a bakin gado da mafici. Ta rufe taga da zane saboda haske. Remi tana kwance a gefe ɗaya, kanta ya sanƙare ya koma baya, leɓɓanta sun tsattsage. Tana numfashi. Ya durƙusa ya kira sunanta, ya yi mata magana da harshen garinsu, wanda a duk ƙasar nan su biyu kaɗai ke jin sa. Idanunta a buɗe suke, amma ba shi suke kallo ba.

"Tun jiya ba ta ce uffan ba," in ji Inna Turai. "Mun yi ta zuba ido, ɗan nan. Na sa an rubuta maka har sau biyu. Na ce ai in ya ga takarda ta biyu, zai gane."

Koka ya karɓi ludayi, ya murƙushe ƙwaya biyu da gindin cokali, ya dama da ruwa. Inna ta tallafo kan Remi iya yadda wuyan ya yarda. Ya ɗiga mata a baki. Ruwan ya tsaya, sannan ya gangaro ta gefen kumatu, fari-fari, ya jiƙa matashi. Ya sake ɗigawa. Ya zuba wa maƙogwaronta ido yana jira ya motsa. Sau ɗaya ya ga kamar ya motsa, amma ba zai iya rantsuwa ba.

Daga tsakar gida Mijinyawa ya yi gyaran murya. Tun ɗazu yake tsaye, hularsa a hannu, ya kasa matsowa. Ya ce, "Malam, sannu da hanya. Yaya mai jikin?"

Koka yana da Turancin da zai faɗi abin da yake gani daidai, kalma bayan kalma, babu ragi. Ya buɗe baki zai faɗa. Sai ya dubi ƙirjin Remi yana ɗagawa yana sauka, ya ji ba zai iya furta wannan magana a kanta ba alhali tana numfashi, ko da wane harshe ne.

Ya ce, "Da sauƙi."

Mijinyawa ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya nemi gindin bango ya zauna.

Koka ya goge wa Remi kumatu da bakin rigarsa, ya sake cika cokalin.